Goron Da Ban Ci Ba

Shekarar da gwamnati ta mai da motoci bin hannun dama, ni a shekarar na koma hannun hagu. Jikokina dariya suke yi in na faɗi haka, don sun buɗi ido sun gan ni da hagu nake komai, sun ɗauka haka aka haife ni. Ina! Da damata na shekara tara ina sakin ƙosai a bakin tashar Kawo, kuma duk ma'aikacin da ke jiran motar shiga gari da safe ya san kaskona.

Mijina masinja ne a wata ma'aikata. Albashinsa ba ya ganin ashirin ga wata, daga nan kaskon ke riƙe gidan, da mu da 'ya'yanmu mata biyu. Ina da baki, ba na ɓoyewa. Uwata tun ina yarinya take ce mini baki shi ke yanka wuya, ni kuwa na ce in dai ina da gaskiya wuyan ya daɗe bai yanku ba.

Akwai wani ɗan kamasho a tashar, ƙato, ɗan 'yar'uwar wani Alhaji mai manyan motoci. Ya mai da farantina gonar ubansa. Ba sallama, ba tambaya, sai dai ka ga hannu ya shigo ya ɗebi uku ya wuce. Na yi magana sau ɗaya, na yi sau biyu. Ranar wata Talata da safe, layi ya yi tsawo, mai yana tafasa, sai ga hannun nan kuma, baƙi ƙirin da man mota. Na ɗaga matsami na kwaɗa masa a bayan hannu, na ce, "Kai, ɗan iska, uwarka ce ta jiƙa mini waken?"

Mutane suka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ta ƙona ni. Ya ja da baya kamar zai tafi, sai ya juyo ya sa ƙafa ya hauri kaskon. Na kai hannu in kāre fuskata. Man gyaɗa kwalba huɗu, duk ya juye a kan damata, daga yatsu har gwiwar hannu. An ce ihun da na yi har can bakin titi an ji. Ni ban tuna ihu ba, ƙauri kawai na tuna, da na gane ba na ƙosai ba ne.

Kwana ashirin da shida na yi a asibiti. Ranar da aka kwance mini ɗauri na ƙarshe na ga yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafi, fatar ta yi fari-fari da ja-ja, tana ƙyalli. Likita ya ce ba za su miƙe ba. Na dubi hannun na ce a raina, to shi ke nan, sana'a ta mutu. Da dama ake buga ƙullu, da dama ake saki. Wane ne a Kawo zai tsaya yana kallo a sakar masa ƙosai da hagu, hannun da ake tsarki da shi, ya kuma miƙo sulensa?

'Yan sanda sun kama ɗan kamashon tun ranar, don ma'aikata da yawa sun ga abin, aka ba da belinsa, aka sa ranar kotu. Abin da ban sani ba, ina kwance a asibiti Alhajin nan ya ɗauki liman a mota ya nufi Katabu, wurin surukina, uban mijina, da ƙwaryar goro guda. Suka ba da haƙuri. Baba manomi ne, dattijo mai magana ɗaya. Ya tambayi ɗansa yaya ƙunar take, ɗan ya ce da sauƙi, don kada hankalin tsoho ya tashi. Baba ya karɓi goro a gaban liman, ya ce mun yafe.

Kwana biyu da sallamata ya zo duba ni. Ku na yanzu ba ku san irin kunyar da muke yi wa suruki ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren ɗansa, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, idona bai taɓa shiga nasa ba. In yana da magana da ni, ɗansa yake gaya wa, ko da ina durƙushe a gabansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki. Na lulluɓe da mayafi, na cusa hannun can ciki, don ta yaya zan tsaya gaban suruki da damtse a buɗe? Na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

Ya ce da ɗansa, "Yaya jikin nata?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Da sauƙi."

Me zan ce? Bahaushe ko ana ja masa kalmar shahada da sauƙi yake cewa.

Ya ce, "Madalla. Mutanen nan sun zo, sun yi abin da ya kamata. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mu a gidanmu ba a cin kuɗin jini, ba kuma a ɗaure ɗan Musulmi a kan abin da Allah ya riga ya rubuta." Ya kwance ganye ya fitar da goro, ya rarraba wa mutanen gidan hayarmu. Ya zaɓi wani fari babba ya ba ɗansa, ya ce, "Ba ta nata."

Kowa ya san ma'anar goron sulhu. In ka ɓara ka tauna, bakinka ya mutu a maganar. Ina jin mata a tsakar gida suna ɓara nasu, ƙas, ƙas, ana Allah ya kiyaye gaba, Allah ya saka wa Baba. Ni kuwa ban ɓara nawa ba. Na koma ɗaki na zuba wa goron nan ido. Wallahi na so in yi jifa da shi ta taga. Sai na naɗe shi a gefen zanina, na sa hagu da haƙori na ƙulle tam.

Sati biyu suka wuce, murhuna na bakin tasha wata ta gaje shi. Tuwon dare ya koma kunu. Na sai da kwanukan jerena guda huɗu ba tare da na gaya wa kowa ba. Babbar 'yata ta daina zuwa makaranta, don ita ke yi mini daka da wanki. Wannan ya fi ƙunar ci mini rai.

Akwai wani tsoho a layinmu da ya yi aikin akawun kotu har ya yi ritaya. Kullum safiya ƙosan sisi yake saye a wurina, ya ce a ƙara masa yaji. Ya yi sallama wata la'asar ya zo gaishe ni, ya ce in nuna masa hannun. Shi ba suruki ba ne, na nuna. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Innalillahi. 'Yar nan, na ji an ce an yafe. Ke ce kika yafe?"

Na ce, "Baba ne."

"Baban ne aka ƙona?"

Na mai da hannun cikin mayafi.

Ya gyara zama ya ce, "To saurara, don na shekara talatin ina rubuta irin wannan. A doka, wanda aka ji wa ciwo shi ke da ikon yafewa. Ba mijinsa ba, ba ubansa ba, ba sarkin garinsu ba. Rauni babba irin naki kuwa, ko ke kika yafe sai alƙali ya amince. In an kama mutum da laifi, alƙali yana da ikon sa shi ya biya ki diyyar hannunki da abin da kika kashe a magani, bayan hukuncin da zai yanke masa. Amma in kika tsaya a gabansa kika ce kin yafe, za a iya rufe fayil, yaron ya fita kamar bai yi komai ba, kuma ba a sake buɗewa. Ko kin dawo kina kuka da hawayen jini."

Na ce, "Ba kuɗin jini ba ne? Ba haram ba ne?"

Ya yi tsaki. "Wa ya gaya miki? Diyya addini ne ya zo da ita tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan. Yafewa alheri ne, amma ba a yin kyauta da akuyar maƙwabci." Ya miƙe yana neman takalminsa. "Alƙali zai tambaye ki sau ɗaya. Ni dai na gaya miki."

Ana gobe kotu, bayan magariba, na gaya wa mijina abin da tsohon ya ce. Mutumin kirki ne mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma a gaban ubansa shi ɗan shekara bakwai ne.

Ya ce, "Baba ya riga ya ba da baki a gaban liman."

Na ce, "Da bakin wa? Ka gaya masa yadda hannun yake?"

"Ta yaya zan koma in ce masa Baba ka yi kuskure?"

"To ta yaya za mu ci abinci? Girman Baba za mu dafa?"

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Ki iya bakinki. In kika tsinka ubana a gaban jama'a gobe, ban san abin da zai biyo baya ba."

Na ce, "Saki kake nufi? Faɗi mana, ba a cin mutum don ya faɗi."

Bai faɗa ba, bai kuma ce a'a ba. Ya ɗauki buta ya fita masallaci. Na zauna ina taɓa ƙullin nan na gefen zani, ina jin tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da man ya zubo. Iyayena sun rasu, ba ni da gidan komawa sai na wani kawu a Zariya da ba ya iya ci da nasa. Mace mai hannu ɗaya da 'ya'ya biyu, ina za ta?

Da safe muka shiga motar haya, ni da mijina. Kotun ɗaki ne mai tsawo, benci-benci, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Baba ya riga mu zuwa. Yana zaune a bencin gaba cikin farar rigarsa ta Juma'a, Alhaji a damansa, liman a hagunsa, kamar masu jiran ɗaurin aure. Ɗan kamashon yana tsaye a akwatin masu laifi yana sakace haƙori. Da ya hango ni har murmushi ya yi.

Aka kira shari'armu. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta laifin, ya ce ga takardar likita, ya ƙara da cewa amma an sanar da shi dangi sun sasanta. Alƙali, wani siririn dattijo mai tabarau, ya tambayi wanda ake ƙara ko ya aikata. Ya ce e, ya aikata, cikin fushi ne, kuma an riga an yafe masa. Ya faɗa da sauri, don a ganinsa hanyar gida ke nan.

Baba ya miƙe. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ne uban mijinta. An zo an ba mu haƙuri, mun karɓi goro, an raba, an ci. Mun yafe duniya da lahira."

Liman ya ce haka aka yi. Alƙali ya rubuta, ya rubuta. Na ga ya kai hannu ga bangon fayil kamar zai rufe. Sai ya ɗago ya ce, "Ita wadda aka ƙona tana nan?"

Na miƙe.

"Matso nan. Kin ji abin da surukinki ya ce. Ke nake tambaya. Kin yafe?"

Jama'a, ni ce fa mai bakin da ya jawo duk wannan. Ni ce 'yan tasha ke kira reza. Na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba. Baba yana bayana taku uku, ina jin numfashinsa. In ce a'a, na ƙaryata shi a gaban Alhaji, a gaban liman, a gaban ɗansa. In ce e, na binne hannuna da karatun 'yata a rami ɗaya. Mijina ya yi gyaran murya daga baya. Na san abin da take nufi.

Alƙali ya dubi agogo ya ce, "Ba mu da yini guda, baiwar Allah. In kin yi shiru zan ɗauka maganar dattijo ita ce taki."

Sai hannuna na hagu ya tafi gefen zani da kansa. Na shiga kwance ƙullin. Ya ƙi. Sati uku yana ɗaure, da haƙori na ja shi, ya zama dutse. Na ja da farce, farcen ya karye. Wani ya yi dariya a baya, wani ya ce me take nema. Ba yadda za a yi ƙullin nan ya kwance sai an danne zanin da wani hannu. Na tsaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ture mayafin daga kafaɗa, na fito da damata gaba ɗaya, na danne zanin da dungulmin, na sunkuya na sa haƙori.

Wata mata ta ce wayyo Allah. Daga bayana kuwa na ji wani sauti, ƙarami, kamar an naushi mutum a ciki. Ban waiwaya ba, amma na san na wane ne.

Goron ya faɗo a tafina. Ya bushe, ya motse, ya yi baƙi. Na taka na ajiye shi a kan teburin alƙali. Muryata ta dawo, ko da yake ba irin ta tasha ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga rabona. Ni ban ci ba."

Alhaji ya zabura ya ce ai ita ta fara, ta doke shi, ta zagi uwarsa. Alƙali ya tambaye ni ko haka ne. Na ce haka ne, na kwaɗa masa matsami, na kuma zage shi, in akwai tarar wannan a yanka mini. Alƙali ya cire tabarau ya karanta takardar likita, ya sake duban hannun. Ya ce matsami da tafasasshen mai ba mudu ɗaya ake auna su ba. Ya ce da Baba, cikin ladabi, dattijo yana da girmansa, amma haƙƙin nan ba nasa ba ne. Tunda mai laifi ya amsa da bakinsa, ya yanke masa zaman gidan yari, ya kuma ce a biya ni diyya ta hannun kotu, in ba a biya ba a ƙara masa wa'adi. Alhaji ya biya kafin wata ya ƙare. Da kuɗin na sayi injin markaɗe, wanda bai damu da wane hannu aka zuba masa wake ba, kuma da shi 'ya'yana duka biyu suka gama makaranta. Amma ranar ban san da wannan ba. Abin da na sani, da na juyo, Baba ya riga ya kai ƙofa, ɗansa yana biye da shi. Ni kaɗai na hau mota na koma Kawo.

Mijina ya dawo bayan magariba, bai ce mini ci kanki ba. Washegari haka, jibi haka. Matan gidan suka rabu biyu, wasu na cewa na yi daidai, wasu na cewa ba a taɓa jin irin wannan rashin kunya ba. Na haɗa 'yan tsummokaraina a adudu na tura ƙarƙashin gado. Duk sanda ya sa hannu a aljihu sai in ce takardar saki ce.

Ranar Lahadi da hantsi na ji sallamar Baba a ƙofar gida. Kafin a shimfiɗa masa tabarma maƙwabciyata ta faɗo ɗakina tana haki. Ta ce mijinta yana tasha ya ga abin da idonsa. Baba ya sauko daga motar Babbar Kasuwa da ƙwaryar goro sabuwa, ya ratsa direbobi har rumfar Alhaji, ya ajiye a gabansa, ya ce, "Ga kayanka. Na karɓi abin da ba nawa ba." Ya juyo bai jira amsa ba.

Na rasa abin da zan yi da wannan labari. Mai mayar da goro yana iya zama mai sa ɗansa ya ba ni takardar saki, zuciyar tsoho ba a shiga. Na ɗauki mayafi zan lulluɓe hannun kamar kullum, sai na ce a raina me ya rage kuma? Na fita da shi a buɗe, na durƙusa inda na saba.

Baba yana zaune a kan tabarma. Ya rame a kwana ukun nan. Can ya ce da ɗansa, "Kai ka ce mini da sauƙi." Ɗan ya sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Tambaye ta. Ranar da na zo gidan nan, me ya sa ta ɓoye mini?"

Mijina ya juyo zai maimaita mini, kamar ba a wurin nake ba. Ban jira shi ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa mai da wa mutumin nan magana kai tsaye ba. Na ce, "Baba, kunya ce. Amma kai ma ba ka ce a nuna maka ba."

Mijina ya ce, "Ke!" Baba ya ɗaga masa hannu. Har masu daka a tsakar gida suka tsaya da taɓarya a sama. Ina jiran kalmar da za ta kore ni. Ya dubi hannun, ya dube shi sosai, tun daga yatsu har gwiwa. Sai ya ce, ba da ɗansa ba, da ni, "Rana ta yi zafi. Ba ni ruwa."

Na juya zan ƙwala wa babbar 'yata kira, don tun da na dawo asibiti ita ke miƙa wa baƙi ruwa. Ba a ba babba abu da hagu, balle suruki. Ya ce, "Ba ita na ce ba."

Na je randa na ɗebo a kwanon sha. Ruwan yana ta zuba a ƙafata. Na durƙusa a gabansa, kusa, inda ban taɓa kaiwa ba, na miƙa masa da hagu. Ya sa hannu biyu ya karɓa.